Limaman Bariki da Ciwon Zuciyar Mutanen Mayo

Tun daga 10 ga Satumba 2023, ranar da harin jirgi marar matuƙi ya kashe aƙalla mutum 40 a kasuwar Goro da ke unguwar Mayo a kudancin Khartoum, masu firgita da rashin barci a Mayo ƙofar malami suke dosa. Ana saurin ɗora laifin a kan jahilci, amma babban dalili rashin likita ne. Asibitin ƙwaƙwalwa na Tijani Al-Mahi yana Omdurman, na Taha Ba'ashar yana Bahri, yaƙi ya tarwatsa ma'aikatansu, Asibitin Basha'ir kuma masu raunin harsashi sun isar masa aiki. Tunda aikin ya riga ya faɗo hannun limamai, ya dace a ba su horo da lasisi.

Cikinsu waɗanda suka fi kusa da aikin su ne limaman da suka bar sashen wa'azi na soja. Sun sallaci gawawwaki, sun kai wa iyalai saƙon mutuwa, sun zauna da sojan da ya kasa runtsawa. Tilasta musu komawa jami'a tun daga farko asarar wannan gogewa ce. Hanya mafi sauƙi ita ce gajeren horo bisa tsarin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, sai aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru irin na cibiyar kula da masu firgici ta Jami'ar Ahfad, sannan lasisi mai iyaka: ya saurara, ya kwantar da hankali, ya gane mai shirin kashe kansa ya miƙa shi asibiti, ba ruwansa da rubuta magani. Sudan ta san wannan hanya, domin likitocin da asibitocin can suka ci sunansu, Tijani Al-Mahi da Ba'ashar, su kansu sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shehunan masid, wato zawiyoyin karatun Alƙur'ani da warkarwa.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. Mayo ta zauna a hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan Sudan har Maris 2025, ana zargin mazaunanta da haɗa baki da su, wa zai buɗe cikinsa ga tsohon mai kaki? Gaskiya ne, kuma wannan tsoro ne ya wajabta lasisin. Yau limamin da ya tona asirin wanda ya zo masa babu mai hukunta shi. In hukumar farar hula ce ta ba shi takarda, ta ɗora masa sharaɗin riƙon sirri, tana iya ƙwacewa ranar da ya ci amana. Matan da aka yi wa fyaɗe kuwa mata ƙwararru suke buƙata, lasisin ya hana shi karɓar lamarinsu shi kaɗai.