Gwajin Bakin Mahaifa Ya Nuna Matsala Ga Mai Juna Biyu: Me Ke Biyo Baya?

A garuruwanmu da yawa mace ba ta zuwa asibiti haka kawai don a duba ta. Ciki ne ke kai ta. Shi ya sa sau tari ranar awo ce ranar farko da ma'aikaciyar lafiya ke duba bakin mahaifarta, kuma a nan wasu matan ke fara jin cewa an ga wani abu da ba daidai ba. Sai mace ta dawo gida da takarda mai haruffan da ba ta san kansu ba, a ranta kuwa ta riga ta yanke cewa kansa ce. Kafin la'asar an kira uwa, an kira miji, 'yan uwa sun fara shigowa jaje.

Tsoron yana da dalili. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar sun nuna cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kimanin 8,000 kuma suka rasu. Amma waɗannan yawancinsu matan da ba a taɓa gwadawa ba ne, waɗanda suka isa asibiti bayan ciwo ya ci jiki. Wadda gwaji ya kama tun tana lafiya ƙalau tana wani matsayi daban.

Aikin gwajin shi ne gano sauyi a ƙwayoyin fatar bakin mahaifa tun kafin su zama kansa. Likitan nan ɗan asalin Girka, George Papanicolaou, shi ya fito da dabarar shafo ƙwayoyin a duba su da madubin likita, kuma sunansa ne aka taƙaita ake cewa gwajin Pap. Daga baya Bajamushe Harald zur Hausen ya gano cewa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa sauyin, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Yanzu akwai gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta. A ƙananan asibitoci kuma akwai hanya mai arha: a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, inda ya yi fari sai a sa masa ido.

Kusan duk wanda ya yi rayuwar aure, namiji ko mace, zai haɗu da HPV wata rana, kuma a wajen mutum tara cikin goma garkuwar jiki ce ke gamawa da ita ba tare da an sha ko ƙwaya ɗaya ba. Idan ƙwayar cutar ta ƙi tafiya ne take fara sauya ƙwayoyin fata a hankali. Likitoci na raba sauyin mataki uku, CIN 1, CIN 2 da CIN 3, kuma ko na ukun bai zama kansa ba tukuna. Daga sauyin farko zuwa kansa ana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 ga mai lafiyayyar garkuwa, shekara 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙanjamau da ba ta shan magani. Ciki kuwa wata tara ne. Wannan lissafin ne ya sa likita ba ya rawar jiki, kuma bincike bai nuna cewa juna biyu na hanzarta sauyin ba.

Abin da yakan biyo baya shi ne a tura mace wajen likitan mata don a yi mata kolposkofi, wato a haska bakin mahaifa da wata na'ura mai ƙara girman abu. Na'urar a waje take tsayawa, ba ta shiga mahaifa, ba ta kusantar jariri, ba ta jawo ɓari. Sai dai aikin yana son gwani, domin ciki yana sa bakin mahaifa ya kumbura, ya yi laushi, jini ya taru a cikinsa, har abin da ba komai ba ya yi kama da ciwo a idon wanda bai saba ba. Saboda haka idan an ce a tafi babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba don abin ya yi tsanani ba ne lallai. Idan likita ya ga wurin da bai kwanta masa ba, yana iya tsinkar ɗan nama kaɗan a kai ɗakin gwaji. Za a ɗan ga jini, ya tsaya. Abin da ba a yi wa mai ciki shi ne kankare cikin hanyar bakin mahaifa.

Tambaya ɗaya tak likita ke son amsawa a wannan lokacin: akwai kansa ta ainihi ko babu? In babu, magani sai an haihu. Ba a ƙona wurin, ba a daskarar da shi da sanyi, ba a yanke shi, domin yanka a lokacin ciki yana iya jawo zubar jini mai yawa ko haihuwar bakwaini, alhali jiran 'yan watanni ba ya ƙara wa mace haɗari. Wata za a sake duba ta sau ɗaya ko biyu kafin ta sauka, wata kuma sai bayan haihuwa. CIN ba ya cutar da jariri, ba ya hana mace haihuwa da kanta, kuma shi kaɗai bai isa dalilin tiyata ba. Da yawa ma idan aka sake dubawa bayan haihuwa sai a tarar sauyin ya ragu ko ya ɓace, musamman mataki na farko.

Akwai 'yan ƙalilan da za a samu kansa ce. Ko a nan ba a yanke hukunci a tsaye. Ana duba girman ciwon da watannin cikin, a zauna da matar da mijinta. Akwai magungunan kansa da ake iya bayarwa bayan wata ukun farko, haihuwa kuma yawanci ta tiyata ce. Abin da ke ɓata wa irin waɗannan mata lokaci shi ne ɗora wa ciki kowane jini. Jini bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa, a faɗa wa likita ƙarara, a kuma nemi ya duba da ido, kada a tsaya ga hoton ciki kawai.

Sai maganar da ba a cika yi a ɗakin likita ba, amma ita ke hana barci a gida. Da an ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai zargi ya shigo. Miji ya fara kallon mata, mata ta fara kallon miji ko kishiya. Wannan zalunci ne da ba shi da madogara a ilimi. HPV tana iya zama shekaru a jiki ba alama, babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko daga wa ta fito, kuma macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samun ta. Abin da ya dace maigida ya yi shi ne ya biya kuɗin mota, ya raka ta, sannan ya tura sauran matan gidan su ma a gwada su. Haka nan a kiyayi masu ba da maganin matsi da na tsarki. Babu saiwa ko garin da ke wanke CIN, tura abu a gaban mai ciki kuwa neman wata cutar ne a kan wadda ake da ita.

A ganina haɗarin gaske yana bayan suna. Ana sake duba mace ne tsakanin mako shida zuwa wata uku da haihuwa, gwargwadon tsarin asibitin. A Ingila, alal misali, wadda lokacin gwajinta na yau da kullum ya faɗo tana da ciki akan ce ta jira mako 12 bayan ta sauka. Mu kuwa a wannan lokacin mai jego tana gidan iyayenta wanka, wataƙila a wani gari, ko ma a gida ta haihu ba ta sake taka asibitin ba. Jariri na tsotso, jiki ya yi daɗi, takardar ta shige ƙasan akwati. Babu ciwo, babu jini, to me za a je yi? Kafin a ankara wani cikin ya shiga, a sake ɗaga maganin, shekaru su yi ta tafiya. Jiran da likita ya ce ba shi da illa na wata tara ne, ba na shekara tara ba. Maganin kansa kuma, idan lokacinsa ya yi, aikin mintuna ne, yawanci ba a kwana, ba ya hana shayarwa.

Masu 'ya'ya mata kuma su sani cewa a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, yana kuma kare su daga nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa. Ba a yi wa mai ciki shi, ba ya kuma warkar da wadda ta riga ta kamu.

Ke da aka ba wa irin wannan sakamako, kada ki bar ɗakin likita sai ya faɗa miki da bakinsa ko sauyin ƙwayoyi ne ko kansa, wane mataki ne, kuma yaushe za ki dawo. Ki sa a rubuta ranar a jikin katin awo, ki gaya wa uwa ko yayar da za ta zauna da ke a jego. Ranar da za ki kai jariri rigakafin mako shida, ki tafi da takardarki, ki nemi a duba ki.