Daga Kwanon Fulawa Zuwa Teburin Mai Shayi

Burodin da na fara gasawa da hannuna, da na jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi. Bayansa ya yi ja gwanin sha'awa, amma da na sa wuƙa sai na tarar da cikinsa a danƙare kamar tuwon da ya kwana. Na naɗe shi a leda na tsallaka gidan wata dattijuwa a layinmu, nan cikin Kano, wadda ta shafe shekaru tana gasa farin burodi a tsakar gidanta tana sayarwa. Ta karɓa, ta danna shi da babban yatsa, ta sunsuna, sannan ta ce, "'Yar nan, da ruwan zafi kika jiƙa yis ɗin ko?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna, don ya yi saurin tashi." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai kashe shi na yi.

Ashe yis abu ne mai rai. Ruwan da yake so shi ne mai ɗumi-ɗumi, irin wanda ake yi wa jariri wanka da shi. In ruwan ya yi zafi yis ɗin ya mutu, in ya yi sanyi yis ɗin ya yi barci. Daga ranar na riƙa zuwa ina zama kusa da ita, ina kallo, wani lokaci ta miƙo mini kwaɓin in kama.

Kayan haɗin ba su da yawa: fulawa, yis, sukari, gishiri, bota, ruwa, sai madarar gari in ana son armashi. A kan kilo ɗaya na fulawa ana zuba ruwa kamar rabin lita da ɗoriya, yis busasshe cokali ɗaya babba, gishiri ƙananan cokali uku, sukari kuwa mu nan da nauyin hannu muke zuba shi, don mai saye in bai ji zaƙi-zaƙi ba cewa zai yi burodin lami ne. Ita ba ta awo da sikeli, da kwano da ido take yi, amma ta hana ni kwaikwayonta. Ta ce hannun da bai saba ba sai da ma'auni.

Fulawar ce uwa uba. A kasuwar Singa ake ɗauko wa dattijuwar buhu mai kilo 50, kuma alkamar da aka niƙa a cikinsa yawanci ta jirgin ruwa ta shigo ƙasar. Ana noman alkama a Kadawa da Haɗeja da sauran wuraren noman rani, amma ba ta kusa isar ƙasa, kuma da yawanta a alkaki da alkubus da funkaso take ƙarewa. Gwamnatin Babangida ta taɓa hana shigo da alkama a 1987 don a dogara da ta gida, abin bai ɗore ba. Shi ya sa in dala ta yi tari, mai burodi ke kamuwa da mura. Buhun da bai kai naira dubu 15 ba kafin zuwan korona, a 2024 ya haura dubu 60. A farkon shekarar ne ma mata masu gurasa suka fito kan titi a Kano suna kokawa da tsadar fulawa.

Inda sana'ar take cin ƙarfi shi ne murza. Bayan an haɗa kayan, sai a juye kwaɓin a kan tebur, a tura shi da tushen tafin hannu, a ninko, a juya, a sake turawa. Da farko yana manne wa yatsu, yana yagewa, har ka ji kamar ka ƙara fulawa, kuma nan ne sabon shiga ke ɓata aiki, don kowane barbaɗe tauri yake ƙarawa. In ka daure minti goma sha biyar zuwa ashirin sai ka ji ya sauya a hannunka, ya yi sumul, ya yi danƙo, ka danna ya dawo. Ita takan gutsuri kaɗan ta ja shi a hankali tana ɗagawa ga hasken fitila. In ya miƙe ya yi shara-shara bai fashe ba, ya yi. Manyan gidajen burodi da inji suke wannan aiki, mai naɗe kwaɓi tsakanin ƙarafa biyu, irin wanda ake danganta shigo da shi Legas ga Amos Shackleford, mutumin Jamaika da aka yi wa laƙabi da sarkin burodi. Ita kuwa kafaɗunta ne injin, kuma ba ta rabo da man zafi a gefen gado.

Sai jira. A rufe kwaɓin a roba har ya ninka kansa biyu, a naushe shi iskar ta fita, a yanka, a naɗe, a jera a gwangwanayen da aka shafa wa mai, a sake jira ya ciko baki. Da bazara awa guda ta isa, har sai an yi hattara kada ya zarce ya yi tsami. Da hunturu kuwa sai ta lulluɓe robar da bargo ta kai kusa da murhu, duk da haka yakan ja awa biyu ko fiye.

Da tukunya ta fara gashi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kamar yadda mata ke gasa kek. Yanzu tana da obin na ƙarfe da masu walda suka ƙera mata, gawayi sama da ƙasa. Ba shi da agogon zafi. Fulawa take barbaɗawa a faranti ta tura ciki, yadda ta yi ja shi ke gaya mata ko wuta ta yi. Bayan kamar rabin awa sai ta fito da gwangwani, ta kife, ta ƙwanƙwasa gindin burodin. In ya yi amo kamar ganga ya gasu. A shafe shi da bota tun da zafinsa, a bar shi ya huce sarai, don in aka yi gaggawar sa shi a leda gumi zai yi, kwana biyu fumfuna ta fito.

Kafin a idar da sallar asuba jikanta ya ɗaure kwali a bayan keke. Masu shayi biyu ne manyan abokan cinikinta, sai mai kantin bakin layi, sai yaran maƙwabta da ake aikowa. Kilo ɗaya na ba da manyan burodi biyu, ko ƙanana da dama. Sai dai in aka cire kuɗin fulawa da sukari da bota da gawayi da leda, abin da ya rage bai wuce na cefane da zubin adashi ba. Mai shayi bashi yake karɓa, sai dare ya biya, wanda ya yi kwantai kuma a dawo mata da shi. In kaya suka tashi ba ta iya ƙara kuɗi nan take, sai dai ta ɗan rage girma, mai saye kuma ya ɗaga ya jinjina ya yi ƙorafi.

An sha ba ta shawarar ta riƙa zuba sinadarin nan da ke sa burodi ya kumbura fiye da kima, wato buromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta saboda illarsa ga lafiya. Ta ƙi. Nata bai kai na kanti girma a ido ba, amma in ka matse shi ba ya komawa kamar auduga, kuma yanka biyu da shayi na kai mutum azahar.

Nawa burodin sai a karo na huɗu ya ciyu ba tare da an tsoma shi a shayi ba. Duk mai son gwadawa ya fara da rabin kilo, ya taɓa ruwan da bayan hannu kafin ya zuba yis.