Ƙaramar robar da ke riƙe da akalar babur ɗin ƙanƙara

A yankin Nunavut da ke ƙuryar arewacin Kanada, babu hanyar mota ko guda da ta haɗa garuruwa 25 na yankin da juna, ko kuma da sauran sassan ƙasar.

Da hunturu, idan teku ta daskare, babur mai tafiya a kan dusar ƙanƙara shi ne abin hawan al'ummar Inuit. Da shi suke zuwa farauta da kamun kifi, da shi suke jan amalanken katako mai ɗauke da abinci da man fetur.

A Iqaluit, babban birnin yankin, matsakaicin sanyi a watan Janairu yakan kai kimanin digiri 27 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Wanda babur ɗinsa ya ƙwace masa a daji a irin wannan yanayi yana cikin haɗarin rasa ransa.

Abubuwa biyu ne ke tabbatar da cewa babur ɗin ya nufi inda mai tuƙi yake so: allunan zamiya da ke gabansa, da kuma wani guntun roba da bai kai tafin hannu ba. Dukansu sukan lalace sannu a hankali ba tare da mai shi ya ankara ba.

Asalin babur ɗin

Wani makanike ɗan ƙauyen Valcourt a lardin Kebek, Joseph-Armand Bombardier, na daga cikin waɗanda suka share fagen ƙera wannan abin hawa.

A hunturun 1934 ɗansa mai shekara biyu ya rasu, bayan da ƙanƙara ta toshe hanyar zuwa asibiti. A 1937 ya fito da wata mota mai ɗaukar mutum bakwai a kan ƙanƙara, sannan a 1959 kamfaninsa ya fara sayar da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo.

Babur ɗin ba shi da taya. A baya yana da bel mai faɗi irin na katafila wanda injin ke juyawa, a gaba kuma alluna biyu masu tsawo waɗanda ke bin juyin sitiyari.

Da katako aka yi allunan farko, daga baya aka koma ƙarfe. Tun daga shekarun 1990 kuwa filastik ya mamaye kasuwa, saboda ya fi sauƙin nauyi, ba ya tsatsa, kuma ƙanƙara ba ta cika manne masa ba.

A ƙarƙashin kowane allo akwai sandar ƙarfe da aka ɗaure da noti, mai kaifi a tsakiya, wadda ke kama ƙanƙara idan an zo kwana. A sama kuma allon na haɗe ne da ƙafar babur ɗin ta hanyar ƙusa guda, wadda ke ba shi damar yin sama da ƙasa. A wannan mahaɗa ce ake cusa matashin roba.

Me ke sa allon lanƙwashewa?

Filastik ɗin da aka fi amfani da shi wani nau'i ne na foliyetilin mai jure duka da gogayya, wanda ba ya saurin tsagewa ko da a tsananin sanyi.

Sai dai yana da rauni guda. Idan aka ɗora masa nauyi na dogon lokaci yakan miƙa wuya a hankali, ya ɗauki sabon siffa, kamar yadda kujerar roba ke buɗe ƙafafu idan ta daɗe a rana. Zafi na ƙara hanzarta hakan.

Wannan ne ya sa allo kan lanƙwashe a lokacin da babur ɗin ke ajiye. Babur da ya shafe watannin zafi a kan dutse ko ƙasa marar daidaito, da nauyin inji a kan gefe guda na allon, yana iya wayar gari da allo a murɗe.

Haka ma igiyar da aka ɗaure allon da ita tamau a kan tirela, idan aka bar ta tsawon makonni.

Akwai kuma batun ƙarfen da ke ƙasa. Filastik na buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, fiye da yadda ƙarfe ke yi har ninki 10 ko sama da haka. Tun da an ɗaure su tare, kowane sauyin yanayi yana sa ɗaya ya ja ɗaya.

Idan kuma babur ya daki dutse ko kututture da ƙanƙara ta rufe, sandar ƙarfen takan tanƙware. Filastik shi kaɗai da zai iya komawa yadda yake, amma ƙarfen ya riƙe shi a karkace har ya saba.

Aikin matashin roba

Matashin roba na da aiki biyu. Yana shanye girgiza kafin ta isa hannun mai tuƙi, kuma yana hana allon lilo yadda ya ga dama.

A yawancin samfura an tsara shi ne ta yadda zai danna bayan allon ƙasa, gaban kuma ya ɗan ɗaga. Ta haka ne hancin allon ke hawa kan dusar ƙanƙara maimakon ya nutse a cikinta.

Roba kuwa tana gajiya. Bayan an matse ta sau dubbai, takan kai matsayin da ba ta komawa kaurinta na asali. Man fetur da hasken rana da iskar ozon su ma suna cin ta, ta bushe ta tsattsage.

Sanyi na da nasa tasirin: yana sa roba ta sandare, ta kasa dawowa da sauri bayan an matse ta.

Duniya ta ga misalin haka a ranar 28 ga Janairun 1986, lokacin da kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, 'yan sama jannati bakwai suka mutu. Bincike ya gano cewa wani zoben roba ne ya kasa toshe mahaɗar roka saboda sanyin safiyar ranar.

A zaman kwamitin binciken, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma shi a ruwan ƙanƙara, ya nuna wa jama'a cewa ba ya komawa daidai nan take.

A babur ɗin ƙanƙara lamarin bai kai haka muni ba, amma dalilin ɗaya ne. Robar da ta sandare ba ta shanye duka yadda ya kamata, wadda ta tsufa kuma ta fi saurin tsagewa.

Masu ƙera kayan gyara na fuskantar zaɓi mai wuya. Roba mai laushi ta fi daɗin tuƙi amma tana saurin lotsawa. Mai tauri, kamar wadda ake yi da foliyuritan, ta fi daɗewa, sai dai tana miƙa girgizar ga hannun mai tuƙi da kuma sauran ƙarafan gaba.

Alamomin matsala

Babbar alama ita ce babur ya riƙa fizga hagu da dama da kansa. Idan robar ta lotsa, nauyi kan koma gaban allon, sai sandar ƙarfen ta riƙa faɗawa cikin sawun da wasu babura suka bari tana bin sa.

Allon da ya murɗe kuwa yakan sa babur ya riƙa ja zuwa gefe guda, ƙarfen ƙasa ya cinye ta ɓangare ɗaya.

Gwajin ba shi da wuya. Akan ɗaga gaban babur a kama hancin allon a motsa shi: idan yana lilo babu wata turjiya, robar ta gama aiki. Akan kuma kwance allon a aza shi a kan daɓe mai daidaito domin a ga ko yana tangaɗi.

Makanikai kan sauya robar ɓangarorin biyu a lokaci guda, sannan su daidaita allunan ta yadda gabansu zai ɗan fi bayansu buɗewa da kimanin milimita 3.

Allon da bai yi nisa da lanƙwashewa ba yakan miƙe idan aka cire ƙarfen aka bar shi a wuri mai ɗumi da nauyi a kansa. Wanda ya murɗe sosai sai dai a sayi sabo.

A kudancin Kanada da jihohin Amurka irin su Minnesota, inda galibi don nishaɗi ake hawa, wannan aiki ne na yini guda. A Nunavut kuwa kayan gyara na zuwa ne ta jirgin sama, ko ta jirgin ruwa a 'yan watannin da ƙanƙarar teku ke narkewa.

Don haka mafarauci a can yakan duba allunansa da robarsu tun kafin teku ta daskare, domin idan ya yi nisa da gari babu shagon da zai sayi wata.