Fargaba ba ta hana dashen ciki kamawa

Iyalan Difa da ke neman haihuwa ta hanyar dashen ciki, wato IVF, sukan yi doguwar tafiya zuwa manyan birane, wasu da kuɗin tattasan da suka noma a bakin kogin Komadugu. Bayan allurai da cire ƙwai da mayar da ɗan tayi mahaifa, sai jiran kusan mako biyu kafin gwajin jini. A nan dangi ke cewa mace ta kwantar da hankalinta, wai damuwa ce ke ɓata ciki. Wannan magana zalunci ce. Nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2011, kan mata fiye da 3,500, ya nuna fargaba ba ta rage damar samun ciki. Shekarun mace da lafiyar ƙwai da maniyyi ne suka fi tasiri, kuma zagayen farko yakan faskara ko ga masu ƙuruciya.

Wani zai ce tawakkali ya wadatar. Tawakkali gaskiya ne, amma bai hana neman magani ba; tun 1980 hukumar fatawa ta Masar ta halatta dashen tsakanin miji da matarsa. Don haka maigida, ka raka ta asibiti, ka kuma tare mata surutun dangi.