Zaɓen Injin Matsi Mai Araha ga Ƙaramin Gareji: Duba ga Bukatun Makanikan Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan injin matsi mai aiki da ƙarfin mai, wanda makanikai ke amfani da shi wajen cire boris da bushin da mayar da su, da kuma miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe. An bayyana yadda injin yake samar da ƙarfinsa, sannan aka fito da ma'aunan da ya kamata mai ƙaramin gareji a Birnin Kudu da Gwaram ya bi kafin ya fitar da kuɗinsa. Maƙalar ta nuna cewa arahar wannan inji tana rataye ne a kan ƙwarin firam ɗinsa da dacewarsa da aikin da ake yi, fiye da farashin ranar saye ko adadin tan da aka rubuta a jikin jak.

Fitilun Kalmomi: Injin matsi, gareji, kanikanci, araha, Jigawa

1.0 Gabatarwa

Ƙira tana cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe, kuma ginshiƙinta shi ne bugu. Akan sa ƙarfe a wuta, a zuga, a ɗora shi bisa uwar maƙera, a bi shi da masaba. Daga nan ne aka sami karin maganar da ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Da kanikanci ya shigo ƙasar Hausa tare da motoci a ƙarni na 20, sai ya gaji guduma daga maƙera. Sai dai akwai sassan mota da babur waɗanda ba su jure bugu. Babban misali shi ne boris, wato zoben ƙarfe biyu masu ƙananan ƙwallaye a tsakaninsu, wanda taya ke juyawa a kansa. Idan aka shigar da shi da guduma, ƙwallayen sukan yi wa hanyarsu ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Bayan ɗan lokaci sai a fara jin gurnani a ƙafar mota, mai mota ya zargi mai kayan gyara, shi kuma ya zargi bakanike.

Maganin wannan shi ne matsi, wato tura ƙarfe cikin ƙarfe a hankali, a miƙe, da ƙarfi mai yawa. Ya kamata a lura cewa a bakin Bahaushe gareji wurin gyara ne, ba ɗakin ajiye mota kawai ba. Saboda haka garejin gida a wannan maƙala yana nufin rumfa ko shagon da bakanike ya kafa a ƙofar gidansa, shi da yaransa ƙalilan.

2.0 Yanayin Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991. Dukansu suna ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma suna iyaka da Jihar Bauchi. Birnin Kudu tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil, da tazarar fiye da kilomita 100. Noma shi ne babbar sana'ar yankin, kasuwannin ƙauye irin su Sara da Babaldu kuwa su ne ke motsa sufuri.

Wannan yanayi shi ke tsara irin aikin da ke zuwa gareji: babura, da motocin haya masu ɗaukar mutane da buhuna, da injin ban ruwa, da injin niƙa. Hanyoyin burji da lodi fiye da kima suna cinye boris da bushin da wuri, ƙurar hunturu da taɓon damina kuma suna sa su cije a mazauninsu. Ga shi wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, manyan kasuwannin ƙarafa da kayan gyara irin Ƙofar Ruwa kuwa suna can Kano. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin mota da farashin kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Bakaniken da ya yi kuskuren saye a irin wannan hali zai daɗe bai farfaɗo ba.

3.0 Yadda Injin Yake Aiki

Tushen aikin injin wata ƙa'ida ce da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana, wadda aka buga a 1663, shekara guda bayan rasuwarsa. Ƙa'idar ita ce, idan aka danna ruwa ko mai da ke rufe a cikin wani abu, matsin yakan isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. A 1795 ne Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsi da aka gina a kan wannan ƙa'ida.

Jak ɗin ɗaga mota mai siffar kwalba shi ne misali mafi kusa. A cikinsa akwai fistin biyu, ƙarami da babba, da mai a tsakaninsu. A ƙaddara faɗin ƙaramin santimita 1 ne, na babban kuma santimita 5. Fuskar babban za ta ninka ta ƙaramin sau 25, wato 5 sau 5. Idan kuma sandar da ake bugawa tana ninka ƙarfin hannu sau 20, to mutumin da ya danna da nauyin kilo 20 ya aika wa ƙaramin fistin kilo 400, shi kuma babban zai fito da kilo 10,000, wato tan 10, kafin a cire abin da gogayya ke ci. Ba a samun wannan riba a banza: kafin babban fistin ya motsa santimita 1, sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 25. Wannan jinkiri alheri ne ga bakanike, domin yana ba shi damar lura da yadda boris ke shiga, ya tsaya idan ya karkace.

Injin matsi na gareji ba wani abu ba ne illa irin wannan jak da aka ɗaure a cikin firam na ƙarfe. Yana da ƙafafu biyu a tsaye masu jerin huji, da gungumen sama da jak ke tokara, da gado wanda ake ɗagawa ko saukewa a kan ƙusoshi biyu masu kauri, da sifirin masu mayar da sandar matsi sama. Duk ƙarfin da jak ya fitar, firam ne ke shanye shi.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Nauyin Aiki

Akan sami waɗannan injuna a matakai kamar tan 6 da 12 da 20 da 30 da 50. Mai gyaran babura da ƙananan injuna, tan 6 zuwa 12 ya wadace shi. Mai gyaran ƙananan motoci da motocin haya, tan 20 ya fi dacewa da shi, domin boris ɗin da ya yi tsatsa yakan buƙaci ƙarfin da ya ninka na sabo. Aikin tarakta da manyan motoci kuwa yana farawa ne daga tan 30 zuwa sama, kuma ya fi ƙarfin garejin gida. Hikimar ita ce a sayi wanda zai riƙa aiki ƙasa da iyakarsa, domin injin da kullum ake kai shi maƙura ba ya daɗewa. Haka kuma tan ba iri ɗaya ba ne: na Amurka kilo 907 ne, wanda aka saba da shi a Nijeriya kuwa kilo 1,000. Don haka tan 20 na Amurka bai wuce tan 18 da ɗoriya ba.

4.2 Ƙwarin Firam

Nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Ana iya ɗaura jak mai tan 20 a firam ɗin da ba zai jure tan 10 ba, a manna masa takarda mai ɗauke da babban adadi. Firam mai siffar harafin H ya fi mai siffar harafin A amfani, saboda gadonsa yana hawa da sauka, kuma yana karɓar dogayen ƙarafa. Ya wajaba a duba kaurin ƙarfen gado da na gungumen sama, a kuma tuna cewa gwargwadon faɗin tsakanin ƙafafu, gwargwadon yadda gado ke son lanƙwasa. Ƙusoshin da ke riƙe da gado suna ɗaukar nauyi a wurare huɗu; a injin tan 20, kowane wuri yana ɗauke da tan 5. Saboda haka rodin gini bai dace da wannan gurbi ba, sai ƙarfe mai tauri wanda ya cika hujin. Idan da kusoshi masu noti aka haɗa firam, a nemi masu lamba 8.8 ko sama da haka a kansu. Nauyin injin ma shaida ne: idan injuna biyu suna da'awar ƙarfi ɗaya, mai nauyin ya fi kusa da gaskiya.

4.3 Jak da Mai

A yankin da wuta ba ta tsayawa, injin da ake bugawa da hannu ya fi wanda ke buƙatar lantarki ko injin iska. Daga cikin na hannu kuma, wanda ke amfani da jak na gama-gari ya fi mai famfo na musamman, domin idan ya mutu ana iya kwance shi a sa wani, ba sai an jira kaya daga waje ba. Abin da ya fi kashe jak shi ne lalacewar robar da ke tare mai. Ƙura tana goge ta, man birki kuwa yana cinye ta. Don haka man jak kaɗai ake zuba masa, a goge fistin bayan aiki, a mayar da shi ciki, a rufe injin musamman a lokacin hunturu. Agogon auna matsi yana ƙara farashi, amma yana nuna wa mai aiki lokacin da ya kamata ya dakata.

4.4 Faranti da Kariya

Farantan da ake ɗora aiki a kansu su ne wurin da masu ƙera injuna masu araha suka fi rage kuɗi. Farantin da aka yi da ƙarfen zubi yana iya tarwatsewa ba tare da gargaɗi ba, alhali wanda aka yanko daga ƙarfe mai kauri lanƙwasa yake yi kafin ya karye. Ko da injin sabo ne, sauya farantan zubi shi ne aiki na farko. Sannan a riƙa sa tabarau na kariya, a tsaya a gefe, a kawar da yara daga gaba, domin guntun ƙarfen da ya kuɓuce a ƙarƙashin tan 10 yana fita ne kamar harsashi. Wajen saka boris, zoben da ke shiga mazauni shi ake dannawa: na waje idan cikin gida zai shiga, na ciki idan a kan sanda zai hau.

5.0 Na Kanti ko na Mai Walda

Hanyoyi uku ne a gaban mai saye: sabon inji na kanti, ko na hannu, ko kuma a ba mai walda ya ƙera firam a ɗaura masa jak na babbar mota. Hanya ta uku tana rage kuɗin dako, tana ba da damar zaɓen kaurin ƙarfe, kuma gyaranta a gida yake. Haɗarinta shi ne walda. Ƙaramin injin walda da wuta mara ƙarfi ba sa narka ƙarfe mai kauri har ciki, sai ɗinkin ya yi kyau a ido alhali a sama kawai ya tsaya. Abin da ya fi shi ne a tsara firam yadda nauyi zai hau kan kusoshi da jikin ƙarfe, walda ta zama mataimakiya.

Kowace hanya aka bi, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗora dunƙulen ƙarfe a kan gado, a matsa shi sosai, a bar shi na ɗan lokaci. Idan sandar matsi ta saki, jak yana zubar da mai ta ciki. Idan gado bai koma daidai ba bayan an sassauta, firam ɗin ya gaza. Idan sandar tana sauka a karkace, za ta riƙa ɓata boris kamar yadda guduma ke yi.

Lissafin ƙarshe na bakanike ne. Ya ƙirga sau nawa a wata yake kai aikin matsi wani wuri, ya haɗa kuɗin aikin da na mota da yinin da ya ɓata. Idan aikin kaɗan ne, biyan mai inji ya fi masa. Idan kuwa yana da yawa, makanikan layi ɗaya suna iya yin adashe ko su haɗa hannu su mallaki inji guda mai ƙwari, maimakon kowa ya sayi mara ƙarko.

6.0 Batun Suna

Yawancin kalmomin gareji aro ne daga Ingilishi, kamar jak da bushin da birki da sifana. Amma wannan inji yana da gurbi a cikin harshen, domin aikatau matsa da matse sun daɗe a sana'o'in gida, kamar matsar man gyaɗa wajen yin ƙuli-ƙuli. Tsarin ƙirar sunan kayan aiki, wanda ya samar da mabuɗi da maɗauri da masassabi, yana iya samar da mamatsi. Karɓuwar irin wannan kalma tana hannun masu sana'ar da masu rubuta littattafan koyar da ita.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jak shi ke samar da ƙarfi, firam kuma shi ke ɗaukarsa, kuma jak yana sauyuwa cikin sauƙi alhali firam ba haka yake ba. Ga mai ƙaramin gareji a Birnin Kudu ko Gwaram, zaɓin da ya fi dacewa shi ne injin hannu mai siffar H, na tan 12 ga mai babura ko tan 20 ga mai motoci, mai kaurin ƙarfe da ƙusoshi masu tauri da farantan da ba na zubi ba, wanda aka gwada kafin a biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan sana'a abin ya wuce ado, domin firam ɗin da ya karye yana iya tafiya da ido ko yatsun mai aiki, boris ɗin da aka saka a karkace kuma yana tafe ne a ƙarƙashin motar da ke ɗauke da mutane zuwa kasuwa.