Dala, jika da kirifto: sunayen kuɗi a Matamai

Abin da za mu duba a wannan ƴar maƙala shi ne ko kuɗin kirifto na iya raba talaka da kuɗin da Faransa ta gadar masa. Za mu faro daga harshe.

A kasuwar Matamai ba a ƙirga sefa da ɗai-ɗai. Dala ita ce sefa 5, jika kuwa dala 200, watau sefa 1.000. Kalmar dala ta girmi sefa, wadda aka ƙirƙiro ranar 26 ga Disamba 1945 da sunan « franc des Colonies françaises d'Afrique ». An sake fassarar haruffan bayan mulkin kai, amma igiyar tana nan. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa: tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, dala kuwa ba ta sake suna ba, buhu ne ya yi tsada. Tun 1999 sefa tana ɗaure da yuro, 655,957 a kan ɗaya. Ko da yake gyaran da aka sanar a Abijan a 2019 ya soke ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa, lamunin Faransa bai gushe ba.

Daga nan hujjar masu kirifto take fitowa. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, ba shi da babban banki: kundin lissafinsa yana rarrabe a kwamfutoci da yawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumi ya taɓa BCEAO, takardun kuɗi suka yi wuya, wannan hujja ta yi nauyi.

Sai dai a ganinmu akwai gyara. Ɗan kasuwar da ke bi ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano yana neman kuɗin da ba ya hawa da sauka, abin da Bitcoin ba ya bayarwa. Wanda ya tsaya, irin su USDT, ɗaure yake da dalar Amurka: an sake ubangida ke nan. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta halatta Bitcoin a 2022, ta janye tilascin karɓarsa a 2023. Sannan kirifto yana bukatar lantarki, kuma a watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar.