Masu Gadin Jiki da Dabarun Ciwon Daji

Kowane manomi ya san shibra. Tana tsirowa cikin gero, tana kama da gero, har mai noma ya wuce ta bai cire ba. Haka ciwon daji yake yi a jikinmu.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. Wani lokaci ɗaya takan lalace, ta yi ta yaɗuwa ba tsayawa, har ta zama ƙari. Amma jiki yana da masu gadi, wato fararen ƙwayoyin jini. Waɗansunsu, da likitoci ke kira ƙwayoyin T, suna zagayawa suna duba alamar kowace ƙwaya. In sun ga baƙuwar alama, sai su huda ƙwayar su kashe ta.

To, ƙaƙa cutar take tsira? Takan ɓoye alamarta don kada a gane ta. Takan kuma fito da wani abu mai suna PD-L1, wanda in ya taɓa mai gadi sai jikinsa ya yi sanyi, kamar karen da ɓarawo ya jefa wa nama.

Masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun gano abin da ke taka wa masu gadin birki. Daga bincikensu aka sami magungunan da ke sakin birkin nan, aka kuwa ba su kyautar Nobel a 2018. Sai dai magungunan suna da tsada ƙwarai, ba kowa kuma suke warkarwa ba.

Saboda haka mu riƙe abin da ke hannunmu. Gyaɗa da masara masu funfuna suna ɗauke da dafin aflatoksin, mai jawo ciwon daji na hanta. Mu shanya amfaninmu a kan tabarma ko tamfol har ya bushe sarai, mu tsince ruɓaɓɓu, kada mu ci su. Mu kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta ranar da aka haife su. A Oktoba 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa. Kada 'ya'yanmu su rasa.

Wanda ya ga ƙari a jikinsa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya tafi asibiti da wuri, gama ciyawa tun tana ƙarama ake nome ta. Mu tattauna wannan a taron ƙungiyarmu na gaba.